Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen likitan tiyatar ido da leza

Wanda ya gaji da tabarau, ya ji ana tiyatar da ba ta wuce minti ashirin a tashi ana gani garau, abin da yake fara tambaya shi ne nawa ake yi, kuma a ina. Wanda zai auna idon, da abin da zai sa ya ce ba zai yi ba, waɗannan ba kasafai ake tambayarsu ba, alhali su ne ƙashin bayan lamarin. Leza, na'urar da ke aiki da ƙaƙƙarfan haske, tana kankare wani sashe na koniya, wato garai-garan fatar nan da ta rufe baƙin ido, kuma abin da aka kankare ba ya sake tsirowa. Saboda haka yawancin kurakuran tun kafin a kwanta a gadon tiyata ake tafka su.

Na farko shi ne ɗaukar duk wanda ake kira Dokta a asibitin ido a matsayin likitan tiyata. A Najeriya masu awon gani, waɗanda ke rubuta tabarau da gano wasu cututtukan ido, su ma ana kiransu Dokta, kuma hukumarsu daban ce, ODORBN. Aikinsu na da muhimmanci, amma fiɗa ba nasu ba ne. Mai tiyata sai ya gama karatun likitanci, ya yi rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, sannan ya yi shekarun ƙwarewa a fannin ido ya samu shaidar FMCOph ko FWACS. Ko a cikin waɗannan ma, wanda ya shahara wajen cire yanar ido ba lallai ne ya saba da gyaran gani da leza ba. Ka tambaye shi kai tsaye: ina ya koyi aikin koniya, mutum nawa yake yi wa a wata, kuma shi da kansa ne zai yi maka? Akwai wuraren da wanda ya karɓe ka daban, wanda ya auna ka daban, mai tiyatar kuwa sai ranar aiki za ka fara ganin fuskarsa. Kada ka yarda da wannan tsarin. Wani abin lura kuma, asibiti ya ce yana da leza ba ya nufin komai tukuna, domin lezar da ake yi wa masu ciwon suga a bayan ido, da wadda ake share dusashewar da kan biyo bayan cire yana, duk na'urori ne daban da na gyaran gani.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne yarda da awon gaggawa. Awon da ya cika yakan ci awa biyu ko fiye. Za a auna ƙarfin tabaraunka sau biyu, na biyun bayan an ɗiga maganin da ke buɗe ɗan ido ya kwantar da tsokar da ke daidaita gani, don kada a yi gyara fiye da kima. Za a auna matsin ido, a duba bayan ido, a gwada yawan hawaye da ingancinsa, a auna faɗin ɗan ido cikin duhu. Sannan abu biyun da komai ya rataya a kansu: kaurin koniya da taswirar siffarta, wadda ake ɗauka da na'ura irin Pentacam, gaba da baya.

Ga yadda lissafin yake, kuma likitan kirki zai rubuta maka shi a takarda. Kaurin koniyar yawancin mutane yana kusa da maikiron 540 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). A tiyatar LASIK ana yanka ɗan murfi mai kaurin kamar maikiron 110, a ɗaga shi, a kankare abin da ke ƙasa, a mayar. Kowace lamba ɗaya ta tabarau tana cin maikiron 12 zuwa 15. Mai koniya 520 da tabarau -6, idan aka cire 110 na murfi da kamar 84 na kankara, saura 326. Wannan da sauƙi. Amma mai koniya 480 da tabarau -8, abin da zai rage masa kamar 258 ne kawai. Tsohuwar ƙa'ida ta ce kada ya gaza 250, likitoci da yawa yanzu 300 suke nema, kuma suna guje wa taɓa fiye da kashi 40 cikin 100 na kaurin gaba ɗaya. Dalili kuwa, murfin nan bayan an mayar da shi ba ya ƙara wa ido ƙarfi sosai, ragowar da ke ƙasa ita ke tare matsin cikin ido. In ta yi siriri, sai ta soma kumburowa waje a hankali, bayan watanni ko shekaru, gani ya karkace yadda tabarau ba ya iya gyara shi. Likitan da bai iya faɗa maka lambar da za ta rage a idonka ba, tashi ka ba shi wuri.

Taswirar kuma tana neman cutar keratokonus, inda koniya ke yin tsini tun asali. A farkonta mutum ba ya jin komai sai yawan canjin tabarau. A nan ne tarihin yarinta ke shigowa. Ciwon ƙaiƙayin ido na yara, wanda ke sa farin ido ya koma ruwan ƙasa, yaro ya yini yana murza, ya yawaita a ƙasashenmu masu zafi da ƙura, kuma yawan murzar yana da alaƙa da wannan cuta. Mutane ba sa ambata shi don suna ganin ya wuce. Faɗe shi, ko da ba a tambaye ka ba.

Haka sauran abubuwan da ake ɓoyewa don kada a hana mutum aiki: ciwon suga da bai daidaita ba, cututtukan da garkuwar jiki ke afka wa jiki irin su lufus da wani nau'in ciwon gaɓoɓi, maganin ƙurajen fuska na isotretinoin, juna biyu da shayarwa, waɗanda kan sauya lambar tabarau na ɗan lokaci. Sai mutum ya kai shekara 18, kuma lambarsa ta tsaya cik na aƙalla shekara guda, don haka ka tafi da tsofaffin takardun tabaraunka. Masu sa gilashin da ake liƙawa a ƙwayar ido, a cire mai laushi mako biyu kafin awo, mai tauri mako uku zuwa huɗu, domin yana danne koniya ya ba da taswirar ƙarya. Wurin da ya auna ka a ranar da ka cire shi, ya kuma sa maka ranar tiyata, ya nuna maka irin aikinsa.

Wasu kuma na'ura suke zaɓa, su manta da mai riƙe ta. Talla za ta ce sabuwar fasaha, ba wuƙa, ba zafi. Hanyoyin uku ne aka fi sani, kowacce da mutanenta. LASIK saurin warkewa gare ta, washegari ana gani, sai dai murfin na iya gocewa in an bugi ido, kuma ta fi jawo bushewa. PRK ta girme ta, ba a yanka murfi, ana goge fatar sama ne ta sake tsirowa cikin kwana huɗu zuwa biyar. Akwai raɗaɗi, gani yana ɗaukar makonni, amma ta fi dacewa da mai siririyar koniya, da soja, da ɗan dambe. SMILE, wadda hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a 2016, ana zaro ɗan yanki ne daga cikin koniya ta ƙaramar kafa. Wanda lambarsa ta yi nisa, kamar -10 zuwa sama, galibi dasa gilashi a cikin ido ya fi masa kowace leza. Asibitin da hanya ɗaya kawai yake da ita, akwai fargabar kowa ya zo a ce masa ita ce daidai da shi. Tambayi likitan me ya sa ya zaɓa maka wannan, ya bar sauran.

Batun kuɗi gajere ne. A rubuta maka abin da farashin ya ƙunsa: ido ɗaya ne ko biyu, awon farko, magunguna, duba na bayan aiki, da gyara na biyu in lambar ba ta sauka duka ba, wanda ba a yi sai bayan wata uku zuwa shida. Rangwamen da aka ce zai ƙare gobe dabarar kasuwa ce.

Wanda ya haura shekara 40 ya sani cewa leza ba ta hana tsufan ido. Mai gajeren gani da ke cire tabarau ya karanta waya ko Alƙur'ani, bayan tiyata zai ga nesa sarai, amma karatun da yake yi da ido tsirara na iya gagara sai da tabarau. Akwai dabarar gyara ido ɗaya don nesa, ɗaya don kusa. Likita mai hankali zai fara gwada maka ita da gilashin liƙawa na wasu kwanaki. Duk wanda ya ce har abada ka rabu da tabarau, ko bai ambaci bushewar ido da ganin zobe kewaye da fitilun mota da dare ba, bai gama yi maka bayani ba. Direbobin dare su fi kowa matsawa a kan wannan.

Sai masu tafiya Indiya, Masar, Turkiyya ko Dubai. Akwai ƙwararru a can, matsalar tana cikin tikitin dawowa. Ana duba ido washegari, sai bayan mako, wata ɗaya, wata uku. Gocewar murfi, kumburi a ƙarƙashinsa, da shigar ƙwayar cuta duk a kwanakin farko suka fi bayyana, kuma wasunsu awanni ke raba gyara da asara. Zauna aƙalla mako guda, kuma tun kafin ka tashi ka samu likitan ido a gida wanda ya yarda zai ci gaba da duba ka, musamman matsin ido, tunda maganin ɗigawa na sitiroyid da ake bayarwa yana ɗaga shi a wasu mutane. Dillalan da ke haɗa tafiyar ba likitoci ba ne, nemi sunan mai tiyatar ka bincika rajistarsa a ƙasarsa.

Lokaci ma abin shawara ne. Mai bushewar ido da ya dawo tsakiyar hunturu, ga hazo ga iska, zai sha wuya. A magance bushewar tukuna, a tanadi hawayen roba marar sinadarin adanawa da baƙin tabarau mai rufe gefe. A makon farko ba a barin ruwan famfo ko na rijiya ya shiga ido, don haka tambayi likita yadda za ka wanke fuska wajen alwala. Kwalli da sauran kwalliyar ido a ajiye su sai ya ba da izini, murza ido kuwa a daina ta gaba ɗaya.

Kafin ka bar asibitin, karɓi takardunka: lambar tabarau kafin aiki, kaurin koniya da lanƙwasarta kafin aiki da bayansa, hoton taswirar, sunan hanyar da aka bi, da yawan abin da aka kankare. Koniyar da aka sirance tana sa na'urar auna matsi ta nuna lambar da ta gaza ta gaskiya, ga shi kuma hawan jinin ido, wato gilokoma, ya yawaita a Afirka ta Yamma kuma ba ya sallama kafin ya ci gani. Duk likitan da zai auna ka nan gaba sai ya san an yi maka leza. Ranar da yanar ido ta zo kuma, ko bayan shekara talatin ne, waɗannan lambobin za su taimaka wa mai cire ta wajen lissafa ƙarfin gilashin da zai dasa maka. Ɗauki hotonsu a waya, ka adana na takardar tare da takardun gida.