Yadda za ka gane inda jarida ta karkata a labarin Falasɗinu da Isra'ila

Ka fara da kanun labarin kafin ka shiga ciki, ka nemi wanda ya aikata abin. "An kashe shi" daban, "ya rasu" daban, mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan. Ranar 11 ga Mayun 2022 aka harbe Shireen Abu Akleh, 'yar jaridar Al Jazeera, a garin Jenin da ke Yammacin Kogin Jordan tana sanye da rigar 'yan jarida, amma wasu manyan jaridu suka rubuta wai ta mutu tana da shekara 51, kai ka ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita, sai a watan Satumba rundunar Isra'ila ta ce akwai yiwuwar sojanta ne ya yi harbin bisa kuskure. To duk inda ka ga gawa a kanu babu wanda ya yi kisan, ka tsaya ka sake karantawa. Haka kalmar "arangama", tana sa ka ɗauka ƙarfi ɗaya ne ko da ɗaya na da tanka ɗaya na da dutse.

Sai ka duba daga ina aka ɗauko zaren. Wani zai fara maka daga 7 ga Oktoban 2023, ranar da Hamas ta kai hari Isra'ila aka kashe kusan mutum 1,200 aka yi garkuwa da kusan 250, kamar kafin nan lafiya lau ake zaune. Wani kuma zai koma 1948 da aka raba Falasɗinawa kusan 700,000 da gidajensu, ya biyo ta mamayar da Isra'ila ta yi wa Gaza da Yammacin Kogin Jordan a 1967, ya tsallake 7 ga Oktoba ko tari bai yi ba. Dukansu sun rage maka mudu.

Wa ke biyan albashi? Qatar ce ke ɗaukar nauyin Al Jazeera, TRT ta gwamnatin Turkiyya ce, Press TV ta Iran, DW ta Jamus. Wannan bai sa su zama maƙaryata ba, amma ai mai abinci ba ya rasa ta cewa. Ni labari ɗaya nake buɗewa a wuri uku, kuma nakan leƙa Haaretz, jaridar Isra'ila ce amma tana caccakar gwamnatinsu sosai.

Labarin da ya fito da zafinsa kuwa ka ba shi kwana ɗaya ko biyu. Fashewar asibitin Al-Ahli a Gaza ranar 17 ga Oktoban 2023 ta isa misali, New York Times da kanta ta fito daga baya ta ce ta dogara da iƙirarin ɓangare ɗaya fiye da kima. Ka lura da "in ji wane" a kowace jimla, in ji sojan Isra'ila ne ko in ji ma'aikatar lafiya ta Gaza, tunda an hana 'yan jaridar waje shiga Gaza da kansu.

Bidiyon WhatsApp da TikTok kuma abin ya fi muni wallahi, an sha yaɗa tsofaffin hotunan yaƙin Siriya da sunan Gaza, har bidiyon gem ɗin Arma 3 an tura wai an kakkaɓo jirgi mai saukar ungulu. Ka ɗauki hoton allon ka saka a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka ga shekarar da ya fara fitowa, ko da ya yi daidai da ra'ayinka, ko da babban yayanka ne ya turo a guruf ɗin gida.