Yadda nake zaɓar wa katunan ƙwallona gida

Kati na farko da na lalata da hannuna na Ahmed Musa ne, sanye da rigar Leicester City, ƙungiyar da ya koma a 2016. Yayana ne ya kawo mini shi tsaraba daga Ingila. Saboda tsananin son da nake yi masa sai na kai shi shagon da ake buga takardu aka yi masa laminatin, kamar yadda muke yi wa takardar shaidar makaranta. Zafin injin ya narkar da roba ta manne da fuskar katin, kuma har abada babu mai iya raba su. A idon masu tara kati, ranar darajarsa ta ƙare. Don haka kafin komai: kada ka yi wa kati laminatin, kada ka ɗaure kati da robar ɗaure kuɗi, kada salatif ya kusance shi.

Duk katin da kake so, fara sa masa riga. Rigar wata 'yar leda ce shara-shara wadda aka yanka daidai kati, ana sayar da ita ɗari-ɗari a ƙunshi, ita ce kuma mafi araha a duk kayan. Aikinta ta hana ƙarzuwa. Ka duba jikin ƙunshin ka tabbata an rubuta babu PVC kuma babu asid. Robar PVC mai laushi, irin wadda ake yin gidan katin shaidar aiki da ita, tana ɗauke da wani maiƙo da yake tsatsafowa da daɗewa, musamman cikin zafi irin namu, ya ɓata fentin kati. Hancinka ma zai gaya maka: idan ledar tana warin sabuwar rigar ruwa, ajiye ta.

Girma ma abin lura ne. Yawancin katunan ƙwallo na kamfanonin Topps da Panini inci 2.5 ne a faɗi, 3.5 a tsayi, kuma katunan wasan Pokémon kusan haka suke. Na wasan Yu-Gi-Oh! sun fi ƙanƙanta, milimita 59 da 86, rigarsu daban ce. Wajen sakawa, ɗan matse gefen rigar da yatsu biyu bakinta ya buɗe, ka fara shigar da kusurwa ɗaya a hankali. Kusurwa ita ce ran kati, mai saye ita yake fara dubawa.

Bayan riga sai gida mai tauri, wanda masu sayarwa suke kira toploda saboda ta sama ake zura katin. Inci 3 da 4 ne, yana hana lanƙwasa. A nan ne na ga mutane da yawa suna asarar kuɗi, domin ba su san gidajen sun bambanta a kauri ba. Ana auna kaurin kati da poyin, poyin ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na inci. Kati na yau da kullum gidan 35pt, wato poyin 35, yake shiga. Masu ɗan jiki suna son 55pt ko 75pt. Waɗanda aka cusa wa ƙyallen rigar ɗan wasa a ciki sukan kai 100pt, 130pt, har 180pt. Idan ka tura kati mai kauri cikin matsattsen gida, gefensa zai ɗaye tun a bakin ƙofa. Idan gidan ya yi masa yawa, zai riƙa zamewa yana buga kai. Ni dabarata ita ce in jera katunan yau da kullum kusa da mai kaurin in ga guda nawa ne suka yi daidai da shi, sannan in sayi gida. Kuma ko da wasa ban taɓa zura kati tsirara a toploda ba, domin robar mai tauri da kanta tana ƙarzar fuska mai sheƙi.

Bakin toploda a buɗe yake. A wata ƙasar wannan ƙaramar matsala ce, amma wanda ya san hunturun Kano ya san ƙura tana shiga inda ko iska ba ka zaci za ta shiga ba. Shi ya sa nake ƙara saka kowane gida cikin leda mai baki mai liƙewa.

Katin da kake so ka kafa a kan tebur baƙi su gani, shi ne ya cancanci gida mai maganaɗisu, irin One-Touch na kamfanin Ultra PRO. Faifai biyu ne masu kauri da suke haɗewa, a tsakiya akwai gurbin da kati yake kwanciya ba tare da an danne shi ba. Shi ma da lambar kaurinsa, sai ka dace da ita. Ana yin robarsa ta tare hasken rana mai kashe launi, amma ban yarda in dogara da wannan kaɗai ba. Nawa guda uku suna kan kanta a bangon da rana ba ta taɓawa, domin sa hannun ɗan wasa da alƙalami yana saurin dusashewa. Tsofaffin gidaje masu noti a kusurwa, waɗanda ba su da gurbi, ka bar su inda ka gan su. Ɗaure notin yana murƙushe kati.

Akwai kuma gida mai ɗan laushi, Card Saver I, wanda ake amfani da shi idan za a aika kati kamfanin tantancewa kamar PSA a Amurka, inda suke ba shi maki daga 1 zuwa 10 su rufe shi ruf. Idan ba aikawa za ka yi ba, ba ka buƙatarsa.

Sauran tarin, waɗanda ba su da tsada amma kana son kallonsu a jere, alabam ya fi musu. Nemi mai aljihu 9 a shafi, wanda ake zura kati ta gefe, mai zik. Na daina amfani da mai zagayayyen zoben ƙarfe tun ranar da na tarar zoben ya bar shaidar haƙorinsa a katunan layin ciki. Kada ka cusa kati biyu a aljihu ɗaya, kuma ka tsayar da alabam kamar littafi, kada ka jibga wani a kan wani.

Da damina kuwa za ka ga katunan masu ƙyalli sun fara gantsarewa, saboda takardar tana shan laima tana kumbura, fuskar mai sheƙi kuma ba ta motsi. Ni a akwatin roba mai murfi nake ajiye nawa, a saman kabad, nesa da ƙasa saboda gara, kuma ba dab da rufin kwano ba saboda zafi. A ciki nake zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Sukan ƙoshi su daina aiki, don haka nake canza su da zarar ruwan farko ya sauka, in sake canzawa a watan Agusta.