Yadda ake rubuta sharhi kan abincin gidan cin abinci

Da farko dai ka ci abincin da kanka, kar ka rubuta labarin ji-ta-ji-ta. Ka fadi sunan wurin da abin da ka yi oda, sannan ka shiga bayanin dandano sosai, shin gishiri ya ji, naman ya dahu ko sai an sha fama da shi, da zafinsa aka kawo ko ya huce, don "akwai dadi" kawai ba ya gaya wa kowa komai wallahi. Hoto kuma ka dauka kafin ka sa cokali. Sai maganar ma'aikata da tsafta da farashi, a takaice. In abu bai yi ba ka fada ba zagi, kuma in kyauta aka ba ka abincin to ka sanar da masu karatu.