Yadda zaka gyara yoyon gindin fayif ɗin iska na banɗaki da kanka

Damina in ta zauna a Zariya, musamman cikin watan Agusta da ruwa ke kwana yana zuba, gidaje da yawa matsalarsu ɗaya ce, sai kaga silin ɗin banɗaki ya fara shata mai ruwan ƙasa, daga nan ya kumbura ya fara ɗiga. Mu bara a gidanmu nan Tudun Wada sati biyu muka yi muna tara bokiti, an kira mai gyara yazo ya lafta siminti a gindin fayif ɗin ya karɓi kuɗinsa, ruwa biyu aka yi yoyo ya dawo, wallahi abin ya min ciwo don silin ɗin sabo ne. Shi yasa na hau da kaina.

Fayif ɗin da nake nufi shine na roba da ya fasa kwano ya fito sama, wanda ke fitar da warin sokawe. Dan Allah kar takaici yasa ka yanke shi ko ka toshe, in ka toshe warin cikin gida zai dawo. Kuma siminti baya riƙewa a wurin, saboda kwano in rana ta buga shi yana buɗewa, da dare ya tsuke, roba ma haka, shi kuwa siminti baya motsi sai dai ya tsage.

Abu na farko ka tabbatar daga nan ruwan ke shiga, don ruwa yana iya bin katako yayi tafiya kafin ya ɗiga. In silin ɗinka yana da ƙofa ka leƙa da tocila lokacin da ake ruwa, in ba haka ba wani ya tsaya ciki kai kana zuba ruwa da buta a sama, ka fara daga ƙasan fayif ɗin kana hawa a hankali har ya ce maka ga shi nan.

Kayan aiki ba yawa, duk zaka samu wurin masu kayan gini a Sabon Gari: filashban, wato tef ɗin nan mai kwalta a ciki da aluminiyam a baya, ka ɗauki mai faɗi kamar inci 6, sai silikon, burushin waya ko sanfefa, almakashi, tsumma, da ƙusar kwano mai hula. Wurin silikon ka buɗe ido, wanda ke warin tsami yana cin kwano ya jawo tsatsa, ka ce a baka marar tsami na ƙarfe.

Ka zaɓi ranar da gari ya washe, da hantsi bayan raɓa ta bushe, kafin kwano yayi zafi. Ka aika yaro maƙwabta a faɗa za a hau sama, haƙƙinsu ne, matan gida su kimtsa. Wani ya riƙe maka tsani, ka taka kan layin ƙusoshi kawai don nan ne katako yake a ƙasa, in da hali ma ka shimfiɗa falanki. Wayar NEPA in ta ratsa kusa da wurin to ka sauko kawai, rai ya fi silin.

To yanzu aikin kansa. Ka kankare tsohon siminti da kwalta tas, ka goge tsatsa har ƙarfe ya fito, ka share ƙura da tsumma, fayif ɗin ma ka goge gindinsa. Nan ne mutane ke gaggawa, kuma filashban baya kama ƙura ko danshi ko kaɗan, zai yi kamar ya kama bayan sati ya ɗago. In ya bushe ka zagaye tsagar da ke tsakanin fayif da kwano da silikon, sannan ka yanka filashban guntu-guntu, ka fara liƙawa daga ɓangaren ƙasa, sai gefe da gefe, na sama shine ƙarshe, kowanne ya hau kan na ƙasansa da kamar inci 2, yadda ruwa in ya gangaro zai bi ta kai ya wuce ba ya samu baki ya shige ba. Rabin tef ɗin ya hau jikin fayif rabi ya kwanta kan kwano, wanda zai kwanta ɗin ka tsattsaga shi da almakashi don ya lanƙwasu, ka bi da ƙotar sukundireba kana dannawa cikin kowane kwari na kwanon har sai kaga shatar kwanon ta fito a jikinsa. Ni da na tsaya na duba namu, a kwari ɗaya ne tak ta saman fayif ɗin ganyen darbejiya ya taru ya tare ruwa, nan yake kwanciya ya shige ta tsagar simintin.

In ramin da aka fasa ya yi girma har yatsa na shiga, tef kaɗai bazai isa ba, ka samu guntun kwano irin naka ka huda shi daidai fayif, ka zura, bakinsa na sama ka cusa shi ƙarƙashin kwanon da ke sama, sannan ka liƙe. Ƙusoshin da ke kewaye ma ka duba, wadda ta ɗago ka cire ka sa sabuwa a kan tudun kwano ba cikin kwari ba, in kan fayif ɗin babu hula ka sa masa mai raga saboda sauro.

Ka bar silikon ya kwana, washegari ka zuba bokiti biyu ta sama wani na kallo daga ciki. In ka tarar katakon ya ruɓe ko rufin mai tsini ne sosai ko gidan sama, wannan na kafinta ne. Silin kuma kar ka canza shi sai an yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku kaga babu ɗigo.