Yadda ake jin labarai a majalisa: abin da teburin shayi ya koya mini a Garwa

Sama da shekara ashirin ke nan ina kafa teburin shayi a Garwa, arewacin Kamaru, kuma tun ranar farko akwai rediyo rataye a ƙusa bisa kaina. Da, ita kaɗai ke magana, kowa ya yi tsit. Yau duk wanda ya zauna a bencina da tasa tashar a aljihu. Ina rubuta wannan ne domin duk wanda jama'a ke taruwa a wurinsa: mai shayi irina, tela, mai aski, mai gyaran babur, ko maigidan da ke kunna rediyo a zaure bayan Isha. Ɗan'uwa, hannunka ne a kan abin murɗa tasha, kuma abin da ka murɗo shi mutane za su tafi da shi gida su kwana.

Fara da gwada majalisarka. Tambaye su sunan gwamnan Kano. Sannan ka tambaye su sunan gwamnan jiharmu ta Arewa, wanda ofishinsa ke nan cikin gari. A wurina, ta farko baki da yawa suka amsa, ta biyu kuwa sai kallon juna. Ba jahilci ba ne. Labarin duniya da Hausa muke jinsa: BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. Mafi yawan masu sauraronsu a Najeriya da Nijar suke, don haka can ne labari ya fi karkata. Namu labarin na gida kuma galibi da Faransanci yake fitowa daga Yawunde. Sai ka tarar da Bahaushen Garwa wanda bai yi lekwal ba, jikinsa a bakin Binuwai, kunnensa a Kano.

Ni ban ɗauki wannan abin kunya ba. A watan Janairu na 2022, da aka kawo wasannin cin kofin Afirka filin Roumdé Adjia, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema garin nan ya ɗauki sowa kamar Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garinmu, ce ta ci. Ranar da Tunisiya ta fitar da su kuma, har shayi ya yi mini kwantai. Zumunci ne na jini da na kasuwa, rediyo ta ƙara masa ƙarfi shekara da shekaru. Sai dai zumunci ba zai gaya maka ranar da za a rufe rajistar zaɓe ba, ko kuɗin kilon auduga na bana, ko ranar da masu rigakafi za su shigo unguwa. Wanda bai ji waɗannan ba, shi ne kullum ake yanke shawara a bayan idonsa.

To, abu na farko: raba wa kunne abincinsa. Ni da safe, lokacin da nake hura gawayi, tashar waje ta Hausa nake kamawa. Ƙarfe ɗaya na rana sai in koma CRTV, gidan rediyon ƙasarmu, don labaran ƙasa, da yamma kuma tashar jiha ta nan Garwa da ƙananan tashoshin FM, inda ake sanarwa da Fillanci da sauran harsunanmu. Idan ba ka jin Faransanci, nemi mai ji a cikin masu zama, ɗalibi ko tsohon ma'aikaci, ka ba shi aikin tafinta. Amma ka kafa masa sharaɗi guda: ya fara faɗin abin da aka ce tsaf, sannan ya ce "ni kuma a ganina". Tafintan da ke cuɗa fassara da ra'ayinsa ya fi rashin tafinta ɓarna, domin jama'a za su tashi suna cewa rediyo ce ta faɗa.

Bayan haka ka koya wa majalisa tambayar da ba a cika yi ba: wa ke biyan mai maganar nan? CRTV ta gwamnatinmu ce. Tashar Jamus da ta Faransa da kuɗin gwamnatocinsu suke aiki. A watan Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi shiru bayan umarnin da ya fito daga fadar shugaban ƙasarsu, dattawan da suka shekara arba'in suna jinta suka yi ta murɗa rediyo suna zaton batir ne. Wannan ba ya nufin tashoshin nan maƙaryata ne. Akwai 'yan jarida a cikinsu da nake girmamawa ƙwarai. Abin lura shi ne kowace tasha zaɓa take yi, ta sa wani labari a kan gaba, ta bar wani a ƙasa, wani ma ba ta taɓa shi ba.

Misalin da na fi ba mutane shi ne Lagdo. Madatsar tana kudu da mu, tafiyar kusan kilomita 50, an gama ta a 1982, kuma ita ke ba arewacin Kamaru wuta. A 2012 da 2022, da ruwa ya ci garuruwa a Najeriya, kanun labaran can kusan iri ɗaya ne: Kamaru ta sako ruwa. Wanda ya ji haka daga nesa sai ya zaci wasu ne suka zauna suka ƙulla mugunta. Mu da ke nan mun san idan tafkin ya cika dole a rage, in ba haka ba madatsar kanta ce ke cikin haɗari, kuma gonakin da ruwan ke fara bi ta kansu namu ne, kafin ya kai Yola. Akwai kuma maganar madatsar Dasin Hausa a jihar Adamawa ta Najeriya, wadda aka daɗe ana cewa za ta tare ruwan, har yau ba a kammala ta ba. Mutanen da suka rasa gidaje a can gaskiya suke kuka. Amma ruwa ɗaya ne, labari biyu. Duk lokacin da babban abu ya faru, ka sa majalisa ta ji shi daga tasha biyu aƙalla, sannan ka tambaya: me wannan ta faɗa da waccan ta tsallake? Nan ne hira ke daɗi, nan ne kuma ake ƙaruwa.

Yanzu ga wurin da na fi tsananta wa, kuma ina roƙonka kai ma ka tsananta. Ka kasa kunne ga kalma biyu: "mu" da "su". A bencina akwai Bafillace, Bahaushe, Babarbare, Balaraben Shuwa, Bafali, Batupuri. Akwai mai zuwa masallaci, akwai mai zuwa coci. Kofi ɗaya nake wanke musu. Ranar da labari ya zo yana cewa ƙabila kaza ta yi kaza, ba mutum kaza ba, sai ka ga zaman benci ya sake, kowa ya matsa kusa da nasa. A Ruwanda, cikin 1994, wata tashar rediyo ta yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, tana faɗin inda suke, kuma cikin kwana kusan ɗari aka kashe mutane wajen 800,000. Kada ka ce wannan nesa ne. A Disamban 2021 rikicin ruwa tsakanin makiyaya da masunta da manoma a yankin Logone-Birni ya bazu har Kusuri, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi. A kwanakin nan na ji saƙonnin murya da ba zan maimaita su ba. Dokata tun daga lokacin ita ce: a teburina ana faɗin abin da mutum ya aikata, ba a jingina shi ga ƙabilarsa ko addininsa. Wanda ya karya, nakan ce masa a hankali, "Malam, wane ne a cikinsu? Ga ɗansu nan kusa da kai." Yawanci hakan ya isa. Idan babba ne, ba na katse shi a gaban yara. Sai in kai masa shayinsa da kaina in yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Sai waya, wadda ta fi rediyo wuyar riƙo, domin mai rediyo yana da suna da ofishi, mai saƙon murya kuwa ba ka san fuskarsa ba. Ni ma na taɓa faɗawa. Wata shekara aka turo mini murya a WhatsApp, wai ɓarayin yara sun shigo gari a farar mota. Na kunna wa majalisa da ƙarfi, da niyyar alheri. Washegari matasa suka tare wani baƙo mai farar mota da ya tsaya tambayar hanya, har sun fara ɗaga hannu kafin dattawa su shiga tsakani. Mutumin ya zo gaida ɗan'uwansa ne a asibiti. Ban san ko ta teburina maganar ta kai ga matasan nan ba, amma na san na ɗauke ta na ƙara mata gudu, kuma har yau abin yana damuna. Malamai suna yawan jawo mana ayar Suratul Hujurat da ta ce a bincika labari kafin a cuci mutane cikin rashin sani. Ranar na gane da ni take.

Ga yadda nake yi yanzu kafin in bar wani ya kunna saƙo. Ina tambaya: wa ke magana, ya faɗi sunansa? A wane gari? Wace rana? Shi ya gani da idonsa, ko an ce masa? Saƙon da ya ce "a wani gari" ko "jiya-jiyan nan" ba tare da kwanan wata ba, sannan ya rufe da rantsuwa da "don Allah a tura wa kowa", ajiye shi. Duba saman saƙon: idan ka ga kibiya biyu, WhatsApp na nuna maka ya bi hannaye da yawa kafin ya iso. Idan bidiyo ne, kada ka kalli jinin, kalli gefe. Lambar motar ta ina ce? Rubutun jikin kantuna Faransanci ne, Turanci ko Larabci? Kakin jami'an irin namu ne? Ciyawa kore shar alhali muna tsakiyar bazara? Sau da yawa a nan asirin tsohon bidiyo ke tonuwa.

Sannan ka yi abin da mu 'yan arewa muka fi kowa dama da shi: ka kira wanda ke wurin. Ba garin da ba mu da mutum. Direban da ke hawa hanyar Marwa, ɗan kasuwar da ke sauke kaya a Ngaundare, ƙanwarka da ke aure a Mubi. Kiran minti ɗaya ya fi gardamar awa guda. Idan ba ka samu kowa ba, bar labarin ya kwana. In gaskiya ne, da safe za ka ji shi a rediyo.

Maganar lafiya kuwa ba ta jiran gardama. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane sun kwanta asibiti, wasu sun rasu. Duk saƙon da ya ce sha kaza ko kada ka karɓi allura kaza, kai shi wurin ma'aikacin asibiti tukun. Ka kuma sanar da matasa cewa dokar Kamaru ta 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗauri na wata shida zuwa shekara biyu, da tara mai nauyi, ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da shi ba.

Akwai wani gwaji da nake so ƙwarai. Ka sa samari biyu su yi musayar waya na minti biyar, kowa ya zazzaga Facebook ko TikTok ɗin ɗan'uwansa. Ɗaya zai tarar da wa'azi da siyasar Najeriya zalla, ɗaya ƙwallo da raha. Sai ka bayyana musu: manhajar tana lura da abin da ka daɗe kana kallo, ta ƙaro maka irinsa, kuma abin da ke tayar da hankali shi ya fi riƙe ido. Wanda ya fahimci haka yakan daina cewa "kowa ma maganar da yake yi ke nan", don ya gane wayarsa ce kawai ke yi masa ita.

Abu na ƙarshe da nake yi kowane dare shi ne kashe rediyo. Bayan labaran dare nakan murɗe ta, in ce a kifa wayoyi na ɗan lokaci, in tambayi labarin da babu tashar da za ta kawo mana. Wa ke kwance ba lafiya a unguwa? Nawa buhun masara ya kai ranar Lahadi a kasuwar Pitoa? Famfon bayan masallaci ya dawo? Ɗan wa ya ci jarrabawa? Farkon da na fara, mutane sun yi ta ƙorafi, yanzu kuwa akwai dattijon da ba ya zuwa sai daidai wannan lokaci. Idan za ka gwada, zaɓi lokaci ɗaya kada ka sauya shi, fara da mafi tsufa a benci, kuma in an ambaci mara lafiya, a tsayar da wanda zai je dubiya kafin a tashi.