Yadda ake kiwon kwaɗon Suriname a tankin gilashi

Wanda ya fara ganin kwaɗon Suriname zai rantse mota ce ta take shi. Jikinsa shimfiɗe yake kamar busasshen ganye, kansa mai kusurwa uku, idanunsa kuma ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Masana na kiransa Pipa pipa, sunan da ya samo asali daga masanin halittu Linnaeus a 1758. Gidansa shi ne ruwan laka mai tafiya a hankali a Kudancin Amurka: yankin kogin Amazon, Suriname, Guyana da tsibirin Trinidad. Ba ya hawa tudu kamar kwaɗin da muka saba gani a gindin randa. A ruwa yake ci, a ruwa yake kwana, sai dai ya leƙo sama ya shaƙi iska ya koma. Yawancin masu kiwonsa da ke yin asara, yawan damunsa ne ke jawo musu. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko, tanadi tanki tun kafin ka nemo dabbar. Babban kwaɗo na iya kai santimita 15 ko fiye, don haka guda ɗaya na bukatar aƙalla lita 75 na ruwa, ma'aurata kuma sai ka ninka. Faɗin ƙasan tankin ya fi tsayinsa muhimmanci, tunda a kwance yake wuni, amma zurfin ruwan kada ya gaza santimita 30. A ƙasa ka shimfiɗa yashi mai laushi, ko ka bar gilashin haka nan. Tsakuwa kam kada ka kusance ta, za ka ga dalili idan mun zo kan ciyarwa. Saka guntun icce da aka jiƙa ya nutse da 'yan busassun ganyaye domin ya samu maɓoya, ka rage haske, sannan ka ɗora murfi mai nauyi wanda iska ke shiga. Duk lalacinsa, ƙafafunsa na baya suna da ƙarfi, kuma idan ya faɗo ƙasa cikin dare, gawa za ka tarar da safe.

Mataki na biyu shi ne ruwa, kuma a nan aikin yake. Fatar kwaɗo tana shan duk abin da ke cikin ruwa, saboda haka kulorin ɗin ruwan famfo guba ne a gare shi. Yi amfani da maganin cire kulorin da ake sayarwa don kiwon kifi. Ajiye ruwa a bokiti ya kwana ba kullum yake wadatarwa ba, domin wasu hukumomin ruwa na zuba wani sinadarin da ba ya tashi da iska. Sanya matatar ruwa ta soso, wadda ba ta kaɗa ruwa da ƙarfi. Kwaɗon yana da wasu jijiyoyi a jikinsa da ke jin motsin ruwa komai ƙanƙantarsa, ruwa mai gudu zai hana shi sakat. Ka bar matatar ta yi aiki mako huɗu zuwa shida kafin kwaɗon ya shigo, domin ƙwayoyin halittar da ke narkar da ammoniya (gubar da ke fitowa daga ƙazantar kwaɗon) su zauna a cikin soson. Mutane da yawa ba sa iya wannan jira, kuma su ne ke kukan cewa dabbar ba ta da ƙwari.

Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. Idan a ƙasarmu kake, hunturu zai sa ka nemi na'urar ɗumama ruwa (ka rufe ta da raga kada ya jingina da ita ya ƙone), bazara kuma za ta sa ka kai tankin ɗaki mafi sanyi, nesa da taga. Kowane mako ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka mayar da sabo mai zafi daidai da na ciki.

Mataki na uku, ciyarwa. Wannan kwaɗo ba shi da harshe, ba shi da haƙori. A kan kowane yatsa na hannunsa akwai 'yan rassa kamar tauraro, da su yake laluben abinci a cikin duhun ruwa. Da zarar wani abu ya gifta, sai ya buɗe baki ya zuƙe shi da ruwan gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, ya tura saura da hannu. Abin da ke kusa duk yana bi, har da tsakuwa, wadda kan toshe masa hanji. Ƙananan kifayen ado ma ba makwabtansa ba ne, abincin dare ne.

Tana, wato tsutsar ƙasa, ita ce abincin da ya fi dacewa da shi, muddin ba daga gonar da aka fesa wa magani aka tono ta ba. Ka riƙa sauya masa da ƙananan kifi ko jatan lande marar gishiri. Kifin nan mai ruwan zinare da ake sayarwa don ado kada ya zama abincinsa na kullum, yana ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1. Riƙe abincin da dogon hantsaki marar tsini, ka motsa shi kusa da hannunsa bayan magariba. Babba ya ci sau biyu ko uku a mako, ƙarami kuwa kusan kullum. Abin da ya bari ka cire kafin ya ruɓe. Sabon zuwa kan yi kwanaki bai ci ba, ka ƙyale shi ya saba.

Mataki na huɗu gajere ne: kada ka ɗauke shi da hannu. Idan dole ne a matsar da shi, ka kora shi cikin roba mai murfi, domin raga na maƙale masa yatsu. Farar fata da ke saɓulewa daga jikinsa saɓa ce, yakan cinye abarsa. Amma kumburi, fatar ciki ta yi ja, ko yawo a saman ruwa ba ya iya nutsewa, waɗannan na bukatar likitan dabbobi. Sabon kwaɗo ka ware shi wata guda saboda cutar fata ta chytrid, kuma ko ka gaji da shi kada ka sake shi a kududdufi.

Idan ka samu namiji da mace kuma ruwan ya yi zurfi sosai, wata rana za ka ji namijin yana ƙas-ƙas a ƙarƙashin ruwa. Zai rungume ta a ƙugu, su riƙa alkafura tare, yana manna mata ƙwai 60 zuwa 100 a gadon baya. Fatarta za ta kumbura ta lulluɓe su. Bayan wata uku zuwa huɗu 'ya'yan za su huda fatar su fito cikakkun kwaɗi, ba talibambam ba. Ka tanadi ƙaramin tanki da yankakkiyar tana tun kafin ranar, ka raba su da manya, ka kuma ware manyansu da ƙananansu don kada su haɗiye juna.