Ga 'yan'uwa masu isowa Faransa da iyali: batun sauya jinsi, makaranta da ikon iyaye

Kowace shekara, daga tsakiyar damina zuwa buɗe makarantu a watan Satumba, sababbin iyalai suna iso mana daga Garwa, Marwa, Ngaundare, Kuseri da Injamena, wasu ta hanyar karatu, wasu kuma mai gida ne ya samu izinin kawo matarsa da 'ya'yansa. Tambayoyin makon farko ba sa canjawa: ina masallaci yake, ina ake samun naman halal, wane layin waya ne ya fi sauƙin kiran gida. Waɗannan ba su taɓa gagarar kowa ba, domin jama'armu a nan, alhamdu lillahi, ba ta barin baƙo ya kwana da yunwa ko ya ɓace a tashar jirgin ƙasa. Buɗe asusun banki, rajista da OFII (ofishin gwamnati mai kula da baƙi masu shigowa ƙasar) da sayen rigar sanyi duk abubuwa ne da wani zai raka ka ku kammala cikin 'yan makonni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun da ba a tambaya sai ya riga ya zama rigima, wato muhawarar masu sauya jinsi, da yadda take shigowa gidan mutum ta ƙofar makaranta, ta wurin aiki, wani lokaci har ta taɓa takardar zamansa.

Abu na farko da sabon zuwa ya kamata ya sani shi ne Turawan kansu ba su yi ittifaƙi a kan wannan magana ba, kuma dokar kowace ƙasa daban take. A Jamus, tun 1 ga Nuwamba 2024, baligi yana iya zuwa ofishin rajistar haihuwa ya bayyana jinsin da yake so a rubuta masa, ba tare da takardar likita ko hukuncin alƙali ba. Sifaniya ta yi irin wannan doka a 2023, ta buɗe ƙofar daga shekara 16. Ingila kuwa ta juya ta ɗaya ɓangaren: bayan rahoton likitar yara Hilary Cass na watan Afrilu 2024, wanda ya ce hujjojin amfanin magungunan dakatar da balaga suna da rauni, gwamnati ta hana rubuta wa 'yan ƙasa da shekara 18 su domin batun sauya jinsi, sai dai a cikin binciken likitoci. Finland da Suwidin sun riga ta taƙaita su. A Amurka kotun ƙoli ta amince a watan Yuni 2025 da dokar jihar Tenesi da ta haramta irin wannan magani ga yara. Masu goyon bayan maganin suna cewa akwai matasan da ke cikin ƙunci na gaske, kuma jinkirta musu yana ƙara musu ciwo, masu adawa kuma suna cewa yaro bai isa yanke shawarar da za ta bi shi har tsufa ba. Likitoci ne da iyaye da 'yan majalisa a kowane ɓangare, don haka wanda ya ce maka “Turawa duk sun yarda” bai karanta jarida ba.

Faransa tana tsakiya. Dokar 18 ga Nuwamba 2016 ta ba baligi damar sauya jinsin da ke takardar haihuwarsa ba tare da tiyata ko shan magani ba, amma sai ya bi ta gaban kotu, sauya suna kuma a ofishin magajin gari ake nemansa. Majalisar dattawa ta zartar da wani ƙuduri a watan Mayu 2024 na ƙuntata wa likitoci ba yara sinadaran sauya jinsi, sai dai an rushe majalisar wakilai a watan Yuni na shekarar kafin ta duba shi. Cibiyar manyan likitocin ƙasar ma, tun Fabrairu 2022, ta yi kira da a yi taka-tsantsan sosai idan ana maganar yara.

Na kawo wannan ne saboda saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp, waɗanda ake turo mana daga gida mu ma mu tura wa juna, masu cewa a makarantun nan ana yi wa yara allura a mayar da namiji mace ba da sanin iyaye ba. Ƙarya ce, kuma ƙaryar tana cutar da mu, domin uban da ya shiga makaranta da ita a kansa ya riga ya ɗauki malamin ɗansa a matsayin abokin gaba. Makaranta ba ta ba da irin wannan magani. Ana yin sa ne a wasu sassa na musamman a manyan asibitoci, bayan ganawa da likitoci, kuma ga yaron da bai kai 18 ba ana neman yardar masu ikon iyaye. Abin da ma'aikaciyar jinya ta makaranta take iya ba yarinya a asirce shi ne maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, wannan gaskiya ne kuma gara ku ji shi daga gare ni, amma magana ce daban. Game da suna, umarnin da ministan ilimi na lokacin, Jean-Michel Blanquer, ya fitar a ƙarshen Satumba 2021 ya ce idan ɗalibi ya nemi a riƙa kiransa da wani suna a makaranta, kuma bai kai shekarun balaga na doka ba, sai iyayensa biyu sun amince. Darussan zamantakewa da jima'i kuma, sau uku a shekara, doka ta wajabta su tun 2001, an fitar da sabon tsarinsu da ya fara aiki a Satumba 2025. Ba a cire yaro daga cikinsu, amma kana da damar neman ganin shugaban makaranta ka tambayi abin da za a koyar, sannan ka zauna da ɗanka a gida ka faɗa masa abin da addininku ya ce.

Yanzu ga wurin da ake faɗuwa, kuma a nan zan daɗe, saboda na yi tafinta a irin wannan zama fiye da yadda nake so. Wani magidanci daga yankinmu, mutumin kirki mai aikin gadin dare, yana da 'ya budurwa a makarantar sakandare. Yarinyar ta aske gashinta, ta daina shiga cikin ƙawayenta, daga baya ta roƙi malamai su riƙa kiranta da sunan maza. Makarantar ta yi abin da umarnin ya ce, ta aika wa iyaye takardar gayyata. Uwar ba ta karanta Faransanci, uban kuma da rana barci yake yi, takardar ta zauna a kan firij har aka aiko ta biyu. Ranar da wani ya karanta masa, sai ya tafi ƙofar makarantar yana ɗaga murya a gaban ɗalibai, da dare ya doki yarinyar, ya ƙwace wayarta, ya rantse zai mayar da ita gida a aurar da ita. Washegari ma'aikaciyar jinya ta ga shatar duka a hannunta, kuma doka ba ta ba ta zaɓin yin shiru ba.

Ku lura da kyau, 'yan'uwa: mutumin nan yana da cikakken ikon ya je ya zauna, ya saurara, ya ce bai amince a sauya wa 'yarsa suna ba, kuma da maganar sunan ta tsaya a nan. Ƙin amincewarsa ba shi ya kawo ma'aikatan kare yara gidansa ba. Dukan ne da barazanar. Tun dokar 10 ga Yuli 2019, an rubuta a kundin dokokin iyali cewa ana gudanar da ikon iyaye ba tare da cin zarafin jiki ko na zuciya ba, saboda haka bulalar da muka sha a makarantar allo, wadda muke ba da labarinta muna dariya, a nan rahoto ce. Malami, likita, maƙwabci ko yaron kansa yana iya kiran lamba 119 kyauta, dare da rana.

Idan rahoto ya shiga, hukumar lardin ce take aiko ma'aikata su tantance halin da yaron yake ciki, kuma aikin yakan ɗauki har wata uku. Za su zo gida, su ga inda yara suke kwana, su gana da kowane yaro, su tambayi makaranta da likita. Daga nan ko a rufe maganar, ko a ba ku shawarar wani mai tarbiyya ya riƙa zuwa da yardarku, ko a miƙa ta ga mai gabatar da ƙara, shi kuma ya kai ta gaban alƙalin yara, wanda yake da ikon barin yaro a gida ƙarƙashin sa ido ko ɗauke shi zuwa wani wuri. Kurakuran da nake gani ana maimaitawa a wannan mataki sun ishe ni. Mutum ya ƙi buɗe ƙofa yana ganin za su gaji su tafi. Mutum ya koya wa ƙananan yara abin da za su faɗa, alhali ma'aikatan nan aikinsu ke nan gane yaron da aka koya wa magana. Mutum ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba saboda kunyar ya ce Faransancinsa na kasuwa ne. Mafi muni shi ne wanda yake sa ɗansa ya yi masa tafinta a zaman da ake tattauna ɗan nasa. Ka nemi tafinta baligi. Idan magana ta kai kotu ka nemi lauya, kuma in kuɗinka bai kai ba akwai tallafin shari'a na gwamnati da ake cika takardarsa. Kana da damar duba fayil ɗinka a ofishin kotu kafin ranar zama, don haka kada ka shiga gaban alƙali ba ka san abin da aka rubuta a kanka ba. Magidancin da na ambata ya samu 'yarsa ta zauna a gida, amma sai da wani mai tarbiyya ya yi ta shiga da fita a gidansa tsawon lokaci, kuma abin da ya fito a binciken, wanda shi uban bai taɓa sani ba, shi ne yarinyar ta daɗe tana shan tsangwama a aji har ta fara tunanin halaka kanta. Duk ra'ayin da kake da shi a kan sauya jinsi, yaron da ya kai wannan hali likita yake buƙata da kunnen iyayensa.

Akwai wata doka kuma da ta shafe mu kai tsaye, saboda abin da muka saba yi idan yaro ya rikice shi ne a kira malam. Dokar 31 ga Janairu 2022 ta haramta ayyuka ko maganganun da ake maimaitawa domin a sauya ko a danne yadda mutum yake jin jinsinsa, idan hakan ya taɓa lafiyar jikinsa ko ta hankalinsa. Hukuncin shekara biyu ne a kurkuku da tarar yuro 30,000, idan kuma yaro ne aka yi wa, shekara uku da yuro 45,000, wato kusan sefa miliyan 30, kuma kotu tana iya duba batun janye ikon iyaye. Addu'ar da kake yi wa ɗanka a sujadarka ba ruwan kowa da ita. Amma kulle yaro a ɗaki, tilasta masa zaman ruƙiyya yana kuka, ko hana shi abinci har sai ya “dawo hanya”, waɗannan suna iya shiga ƙarƙashin dokar, kuma malamin da aka kira shi ma bai tsira ba. Dokar da kanta ta keɓe wanda kawai yake jan hankalin matashi ya yi haƙuri ya yi tunani kafin ya shiga hanyar magani, musamman saboda ƙuruciyarsa. Wannan fili ne babba ga uba mai hankali.

A wurin aiki maganar gajeriya ce. Yawancinmu muna gadi, shara, kai kaya ko kula da tsofaffi, kuma wata rana za ka haɗu da abokin aiki ko mai sayayya wanda ya sauya jinsi. Ka kira shi da sunan da ya gabatar da kansa, ka yi aikinka. Ba wanda ya nemi fatawarka, zolaya ko habaici kuma suna iya raba ka da aikin. Sashe na 225-1 na dokar laifuka, wanda ya hana nuna masa bambanci, shi ne dai sashen da kake dogara da shi ranar da mai gida ya hana ka haya saboda sunanka ko launin fatarka ko addininka. Masu hawa Facebook da TikTok suna zagi da Hausa, suna ganin ba Bature mai ji, su tuna cewa baki shi ke yanka wuya: zagin jama'a a fili saboda jinsinsu yana iya jawo shekara ɗaya a kurkuku da tarar yuro 45,000, fassara kuma yanzu waya ce take yin ta. Ban da haka, tun dokar shige da fice ta 26 ga Janairu 2024, mai neman takardar zama yana sa hannu a kan alƙawarin mutunta ƙa'idojin jamhuriya, ciki har da mutuncin ɗan Adam da 'yancin kowa a rayuwarsa, kuma karya alƙawarin yana iya zama dalilin ƙin sabunta takardar. Alƙawarin ya haɗa da 'yancin imani, saboda haka ba a ce ka bar aƙidarka ba.

Saura maganar da kowane uba yake furtawa cikin fushi, wato “zan mayar da shi gida.” Yaron da zai fita ƙasar ba tare da ɗaya daga cikin iyayensa ba yana buƙatar takardar izinin fita mai sa hannun uba ko uwa, tsarin da aka dawo da shi tun Janairu 2017. Idan kuma maganarku tana gaban alƙalin yara, yana iya hana fitar da yaron daga ƙasar gaba ɗaya, a sa sunansa a rajistar 'yan sandan iyaka, a tare ku a filin jirgi. Alƙalin ya san cewa dokar Kamaru, a sashe na 347-1, tana ɗaure mutum daga wata shida zuwa shekara biyar kan tarayya da jinsi ɗaya, ya san Cadi ma ta shigar da irin wannan laifi a dokarta ta 2017, kuma ya san yadda unguwa take yi wa yaron da aka yi wa wannan shaida ko da bai aikata komai ba. Tikitin Garwa ko Injamena da aka saya ana tsakiyar bincike, a idonsa, hujja ce cewa yaron yana cikin haɗari a hannunka. Wanda yake da niyyar kai iyalinsa hutu gida a irin wannan lokaci ya sanar da lauyansa da ma'aikatan da ke bin maganar tun kafin ya biya kuɗin jirgi, ya nuna musu tikitin dawowa da ranar komawa makaranta.